Ƙofarmu Babu Takarda

Alhamis, 11 ga Satumba, takwas saura kwata na safe

Jiya muka dawo daga maƙabarta, yau da ƙarfe bakwai daidai Yaya Velika ta zage ni.

Ina zaune a kicin da baƙin ɗankwali a kaina, kofina ya huce, sai wayar da ke kan tebur ta yi ƙara. Na taɓa ta, sai ga Yaya cikin rigarta mai furanni, muciya a hannu, tana cewa, "Tsonka, gasa tattasai aka ce ki yi, ba gawayi ba! Kin tsufa har yau hannunki bai san wuta ba." Ni kuma a cikin wayar na ce mata, "To zo ki gasa, sarauniyar surutu." Na manta shaf cewa Bilyana, jikar Yaya, takan ɗauke mu tun da wuri, ta jera bidiyoyin a kwamfutarta, ta sa wa kowanne rana da lokaci, su riƙa fita da kansu. Wannan tun watan Agusta aka ɗauke shi.

Na kalla har ƙarshe, na sake kallo. Duk da haka fa na yi dariya.

Alhamis ɗin dai, huɗu na yamma

Bilyana ta sauko daga sama da kwamfutarta a hammata, ta zauna a kujerar da ba tata ba.

"Baba Tsonka, alfarma nake nema."

"Ina jin ki."

"Takardar nan. Kada mu manna ta tukuna."

Na ɗauka ban ji daidai ba. A garin nan ko mashayin da aka tsinta a kwata yana samun takardar sanarwar rasuwarsa: hoto da suna da baƙin layi kewaye, a ƙofar gida, a bishiyar gaban coci, a tashar bas. Ta ce masu bin shafinmu na intanet suna zuwa ɗaukar hoto a ƙofarmu, mutum ɗaya ya gani, duniya ta gani. Ta ce mutanen wani kamfani a Sofia za su ɗora kwalaben lyutenitsarmu, miyar gasasshen tattasai da tumatir, a manyan kantuna wata mai zuwa, da fuskar Yaya a jikin kowace kwalba, kuma matan da ke dafa ta a tsohuwar makaranta da wannan suka dogara su ci lokacin sanyi.

"Sai yaushe?" na ce.

"Ba da daɗewa ba, Baba."

Mahaifiyarmu takan ce kwana arba'in rai yake yi yana zagaya wuraren da ya sani. Idan ya zo ƙofar gida ya karanta sunansa, sai ya gane, ya kama hanya. Na faɗa wa Bilyana haka. Ta riƙe hannuna, hannunta sanyi ƙalau. Na ce to, na yarda, amma kada a wuce arba'in.

Asabar, 13 ga Satumba, sha biyu da rabi na rana

Wata mota ta tsaya, mata da miji daga Varna, da kwalin alewa. Na yi sauri na cire ɗankwalin na cusa a aljihu kafin in buɗe.

"Ga Baba Tsonka! Ina Baba Velika? Mun kawo mata irin wadda take so."

Na ce tana hutawa.

Matar ta rage murya, ta ce kada a tashe ta. Suka yi hoto a ƙofa suna tafiya da sanɗa. Shekara talatin na yi a gidan waya ban taɓa ɓoye wa mutum saƙonsa ba, yau ga ni.

Litinin, 15 ga Satumba, bakwai da minti goma na safe

Yau a kan gishiri ta zage ni. Ita ce da gaskiya, ya yi yawa.

Laraba, 17 ga Satumba, uku na yamma

Yau addu'ar kwana tara. Na dafa alkama da sukari, Nedka shugabar matan makaranta ta ɗauki tiren, muka hau tudun maƙabarta da Fada Serafim. Bilyana ta ce tana da magana da mutanen Sofia, ba ta zo ba.

Abin da ya faru da safe shi ne ba zan manta ba. Bidiyon yau na miyar wake ne, kuma ina jin ita kanta Bilyana ta manta abin da ke cikinsa. A tsakiya Yaya ta nuna ni da ludayi ta ce, "Ku dube ta, kullum ciwon baya. Ni zan binne ta, in ci alkamarta, in ce ba ta ji sukari ba." Duk garin sun gani kafin su fito. Da aka raba alkamar a bakin kabari kowa ya sunkuyar da kai, ba mai kallon wani. Sai Nedka ta ɗanɗana ta ce a hankali, "Ta ji sukari, Baba Tsonka." Shi ke nan, muka ɓarke da dariya, har Fada sai da ya juya baya yana gyara gemu.

A hanyar dawowa ya rage tafiya ya jira ni.

"Baba Tsonka, ban ga takarda a bishiyar coci ba."

"Za a manna, Fada."

"Ni ba tuhuma nake ba. Amma jiya na shiga shago, na ji muryarta daga wayar mai shagon, har na amsa mata gaisuwa."

Lahadi, 21 ga Satumba, biyu na rana

Yau na kai wa Bilyana abinci sama, na tsaya a bayanta ba ta sani ba. Gara in rubuta abin da na gani, don kaina ya kasa ɗauka.

Yarinyar nan tana da shekara huɗu uwarta ta tafi Italiya jinyar tsofaffin mutane, ta bar ta a hannun Yaya. A kicin ɗin nan ta girma, ƙarƙashin tebur, tana jin faɗanmu. Da ta gama karatu a Plovdiv ta sami aikin amsa waya a wani kamfani, tana ba Turawan Ingila haƙuri a kan kayan da ba ita ta ɓata ba. Wani hutu ta zo ta ɗauke mu muna musu a kan tafarnuwa, ta ɗora don ƙawayenta su yi dariya. Kafin ta koma, mutanen da suka kalla sun fi na lardin nan yawa. Da wata yarinyar ce, da sai ta yi murna ta wuce. Ita ta ajiye aikinta, ta sayar da motarta, ta sayi fitila da abin ɗaukar murya, ta sa wa shafin suna Kakanni Biyu Tukunya Ɗaya. Muka ce ta haukace. Yaya ta ce, "Wa zai kalli tsofaffi biyu da haƙori bai kai na mutum ɗaya ba?"

Ta san lokacin da 'yan ƙasarmu da ke wankin kwanoni a Jamus suke tashi, da lokacin da direbobin manyan motoci a Chicago suke tsayawa cin abinci. Ta san cewa in Yaya ba ta zage ni a numfashin farko ba, mutum zai wuce. Makarantar garin nan da aka rufe don babu yara, ita ta buɗe ta, ta sa tukwane a ajin da na koyi karatu. Har bas ya dawo zuwa garinmu ranar Asabar, saboda ita.

Amma ba wannan ne ya tsayar da ni yau ba. Tun farko ita ke amsa masu sharhi da sunan Yaya, na sani, ban dai taɓa tsayawa na gani ba. Wani ya rubuta daga Spain cewa miyarsa ta tsinke. Yatsunta suka ruga: "Ɗana, wannan ba miya ba ce, ruwan wanke tukunya ne. Rage wuta, ka daina leƙa ta kamar budurwa." Wata ta ce mijinta ya bar ta. "Madalla, kin rage kwanon wankewa. Ci abinci tukuna, ki yi kukan daga baya." Ko tsayawa tunani ba ta yi. Leɓɓanta suna motsi yadda na Yaya suke yi, har da ɗan karkata bakin nan. Na ajiye kwanon na sauko.

Ban san ko tsoro nake ji ko alfahari ba. Ina jin duka biyun ne.

Alhamis, 25 ga Satumba, shida na yamma

Na leƙa makaranta. Ƙamshin gasasshen tattasai har titi, mata suna ta cika kwalabe, fuskar Yaya a jere kan tebur tana murmushi da muciyarta. Nedka ta ja ni gefe.

"Baba, kada ki ga mun yi shiru ki ɗauka ba mu da kunya."

"Na ce wani abu ne?"

"Idonki ya ce. Mijina ba ya aiki, kin sani. Amma kullum in zan manna hoton nan sai na ce mata ta yafe mini."

Gari guda ya kulle bakinsa. Garin da in kaza ta yi tari a unguwar sama, kafin rana ta yi tsaka an ce ta mutu a unguwar ƙasa. Ban taɓa ganin irin wannan ba.

Talata, 30 ga Satumba, biyar na yamma

Mun yi faɗa. Ni na fara.

"Bilyana, wata ya ƙare."

"Na sani, Baba."

"Ba ki sani ba. Ko tudun nan ba ki hau ba tun ranar."

"Ina da aiki."

"Kowace safiya muryarta na fitowa daga kowane gida a garin nan. In ta zo wucewa ta ji kanta tana faɗa a kicin, ta duba ƙofa ba ta ga komai ba, me za ta ɗauka? Kin san ta da taurin kai. Shiga za ta yi ta zauna."

"To ta zauna mana!"

Da ƙarfi ta faɗa, har karen maƙwabta ya amsa. Sai ta gyara murya ta ce tana nufin kwantiragi, sai an sa hannu ranar ashirin ga wata mai kamawa. Arba'in ranar sha takwas ce. Na ce mata na iya lissafi. Ta haye sama.

Asabar, 4 ga Oktoba, bakwai da kwata na safe

Ina faɗa da yarinya a kan abin nan, amma tun bakwai saura nake zama da wayar a gabana kamar mai jiran bas.

Laraba, 8 ga Oktoba, ɗaya na rana

Mutanen Sofia sun zo, maza biyu da takalma masu tsini. Suka nemi gaisawa da Baba Velika. Ina tsaye da tiren kofi na ji Bilyana ta ce likita ya hana ta ganin baƙi, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Daga nan ta buɗe kwamfuta, ta juya su yadda ta ga dama. Babban ya ce a rage tattasai a ƙara tumatir, ya fi araha. Ta ce masa mutanenta za su gane a cokalin farko, kuma washegari za su faɗa wa duniya. Ya ce a kai aikin masana'anta a birni. Ta ce kwalbar da ba ta fito daga makarantar nan ba, ba za ta ɗauki fuskar kakarta ba. Suka tafi suna gode mata.

Na tsaya ina kallon ta. 'Yar da na share wa majina ce wannan. Bayan motarsu ta sha kwana ta je bayan gida ta yi amai, ta wanke baki, ta koma aiki.

Litinin, 13 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Na fito da gangar da muke jiƙa kabeji a ruwan gishiri in wanke tun kafin sanyi ya kama hannu. Na nemi dutsen da muke danne kabejin da shi, baƙin nan mai sulɓi da Yaya ta ɗauko daga kogi tun tana amarya. Babu shi a ɗakin ƙasa, babu a rumbu, babu bayan murhu. Ita ke ajiye shi kowace shekara, wai ni zan yar.

Na gaji na zauna a kan matakala. Wayar tana aljihuna. Ban san abin da ya shige ni ba, na buɗe bidiyon yau, na shiga wurin sharhi, na rubuta da yatsa ɗaya, da sunana: "Yaya, ina kika ajiye dutsen kabeji?"

Ba tarko na ɗana wa kowa ba. Kwana da kwanaki ina ganin tana amsa wa mutanen Spain da na Jamus, sai na ga me zai hana ni.

Litinin, biyar na yamma

Nedka ta aiko a gaya mini mutane sun cika ƙarƙashin tambayata, suna ta dariya, suna jiran amsar Baba Velika. Wani ya ce yau Baba Tsonka za ta sha zagi. An amsa wa kowa yau, ban da ni.

Talata, 14 ga Oktoba, goma na safe

Ina wanke gangar ta fito tsakar gida, da kayan jiya a jikinta, waya a hannu.

"Baba Tsonka."

"Na'am."

"Na rubuta amsa ta kai goma, na goge. Na san yadda za ta ce. Za ta ce makauniya, yana nan inda yake kullum, sai ta faɗi wurin." Ta dubi gangar. "Ban san wurin ba, Baba. Ban san inda ta ajiye ba."

"Ni ma ban sani ba, 'yar nan."

"Babu wanda ya sani ke nan."

Ta zauna a ƙasa, cikin ruwan wankin ganga, ta yi irin kukan da ba ta yi ba ranar da uwarta ta hau bas. Na bar ta ta yi. Da ta lafa ta ce, "Kakata ta mutu." Na ce i, ta mutu. Yau ne karo na farko da wani ya faɗa a gidan nan, kuma yau na fara rubuta shi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, huɗu na yamma

Da kanta ta je makaranta ta tara matan ta gaya musu, kafin ta kira Sofia. Nedka ta ce da ta gama, sai wata ta kashe rediyo. Mutanen Sofia sun ce suna mata ta'aziyya, kuma za su sake tunani. Kowa ya san abin da wannan yake nufi. Nedka ta ce tattasai dai yana nan, za su gama shi.

Muka zauna zaɓen hoto. Yarinyar nan tana da hotunan kakarta da ba za su ƙirgu ba, amma babu ko ɗaya da bakinta yake rufe. Muka haƙura muka ɗauki wanda take dariya.

Sai na ji bakina yana tambaya, "Bidiyon da suka rage fa?"

"Na tsayar da su. Na gobe ne na ƙarshe."

"Akwai da yawa?"

"Har Nuwamba."

Saura kaɗan in ce ta bar su. Ni, da na yi wata guda ina cin ranta. Ta kalle ni, ta gane, ta ce, "Suna nan, Baba. Naki ne. Amma ba za su sake zuwa da kansu ba."

Jumma'a, 17 ga Oktoba, sha biyu na rana

Ni na shafa gam, ita ta manna. Ƙofar gida, bishiyar coci, tashar bas, ƙofar makaranta. Ta farkon ta ɗan karkace, na ce a bar ta haka.

Asabar, 18 ga Oktoba, shida saura na yamma

Arba'in. Da ƙarfe bakwai Bilyana ta ɗora takardar a shafin, yadda take a ƙofa, da karkacewarta. A ƙasa ta rubuta gaskiya da sunanta: ranar da abin ya faru, da cewa ita ce ta ɓoye, da cewa ita ke amsa musu. Ta kashe wayar ta sa a aljihun rigar sanyina, muka hau tudu. Ta zuba ruwan inabi a kabarin da hannunta, ta daɗe a tsugune.

Sai da muka dawo, baƙi suka watse, ta ce in ba ta wayar, gara ta sha zagin ta huta. Akwai zagin, ba zan ɓoye ba. Wasu sun ce ta ci amanarsu, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ta ci gaba da ja da yatsa, sai ta miƙo mini.

Ƙofofi ne. Wata mata a Valencia ta buga takardar ta manna a ƙofar ɗakinta. Wani ya manna a ƙofar babbar motarsa, da dusar ƙanƙara a bayansa. Ƙofar ɗakin ma'aikatan gona a Ingila. Ƙofar kicin ɗin wani otal a Jamus, masu wanke-wanke sun tsaya a jere sun cire hula. Wata ƙofar katako a Italiya, wadda Bilyana ta gane tun kafin ta karanta sunan, ta uwarta ce. Ina ja suna zuwa, ina ja suna zuwa, har yatsana ya gaji ba su ƙare ba. Wata ta rubuta, "Kowace safiya a kicin ɗina take, dole ta ga tata takardar a nan ma."

Yaya, matar da ba ta taɓa wuce Plovdiv ba. Na zauna, Allah mai iko kawai nake ta maimaitawa. Wannan duk aikin 'yar da ta girma a ƙarƙashin teburinmu ne.

Yanzu ina bakin ƙofa nake rubutu, rana tana faɗuwa bayan tudu. Yaya, duk inda kika leƙa yau kin karanta, ba ki da sauran hujja. Na cika miki abin da Inna ta ce a yi. Ki kama hanya, kada ki tsaya musu da kowa.

Bilyana ta leƙo ta ce sanyi yana shigowa, in rufe ƙofar. Na ce mata to, yanzu.